Makin bashi: me ya sa dole a faɗa wa wanda aka hana dalilin hana shi

Duk wanda ya kai dosiyen neman bashi wani banki a Yamai ko a Tawa, cikin takardun da ake turo masa ya sa hannu akwai guda ɗaya da ba kowa ke tsayawa ya karanta ba. Takardar yarda ce. Da ita yake amincewa a aika labarin bashinsa zuwa ofishin da ke tattara bayanan masu cin bashi, a kuma buɗe abin da wasu suka riga suka rubuta a kansa. Daga wannan sa hannun, maganar a ba shi ko a hana shi ta fita daga tsakaninsa da jami'in da ke gabansa. Rahoto ya shigo ciki, haka ma maki, wato lambar da kwamfuta ke fitarwa don nuna ko ana sa ran zai biya. Bayan sati biyu ko uku sai a ce masa, "Alhaji, sai haƙuri, dosiyen bai wuce ba." In ya tambayi dalili, a ce daga sama ne. Sau da yawa jami'in ba ɓoye masa yake yi ba, shi ma lambar kawai ya gani.

Maki abu ne mai amfani, kuma Nijar na bukatarsa. Amma makin da mai shi bai san da me aka gina shi ba, ba ya gyara halin mai cin bashi, ba ya kuma tsare mai ba da bashi daga kuskuren kansa.

Tsarin ba namu kaɗai ba ne. A watan Yunin 2013 majalisar ministocin ƙasashe takwas masu amfani da sefa ta Afirka ta Yamma ta amince da doka iri ɗaya kan ofisoshin bayanan bashi, waɗanda ake kira BIC, kowace ƙasa kuma ta shigar da ita cikin dokokinta. Nijar ta yi haka a ƙarshen 2014. Babban bankin BCEAO ya ba kamfanin Creditinfo izini, ya fara aiki a 2016 daga Abijan. Bankuna da cibiyoyin ƙananan basussuka suna aika masa sunan wanda ya ci bashi, nawa ya ci, nawa ya rage, da yadda yake biya. Doka ta kuma buɗe ƙofa ga kamfanonin wuta, ruwa da waya. Kafin haka abin da BCEAO ke riƙe da shi rajista ce ta manyan basussuka, da wata ta masu ba da cek ɗin da ba kuɗi a bayansa. Mai sayar da atamfa da ta ci jika 200 a wata cibiya ba ta bayyana ko'ina. Tana iya cin wani a cibiya ta biyu ta toshe na farko, ta ci na uku ta toshe na biyu, kowa na ganin shi kaɗai ke binta. Irin wannan cin bashi a wurare da yawa yana cikin abubuwan da suka jefa ƙananan cibiyoyin bashi na Maroko cikin rikici a 2008 da 2009, haka ma na jihar Andhra Pradesh ta Indiya a 2010. Saboda haka ba wanda ya san aikin da zai ce a koma zamanin da kowa ke ba da bashi ido rufe.

Yadda ake gina maki ba tsafi ba ne. Ana ɗauko tsofaffin basussuka, dubbai, waɗanda an riga an san ƙarshensu, a raba su gida biyu. Iyakar da aka fi amfani da ita kwana 90 ce: wanda jinkirinsa ya wuce kwana 90 ya faɗa gidan marasa kyau, sauran suna gidan masu kyau. Sannan a koma a duba abin da aka sani game da kowane mutum ranar da ya nemi bashin: shekara nawa ya yi a sana'arsa, tun yaushe yake da asusu, bashi nawa ke kansa, ko ya taɓa makara. Duk abin da aka ga yana bambanta gidajen biyu, a ba shi maki daidai ƙarfinsa. A ƙarshe a sa iyaka, wanda ya kai ya wuce, wanda bai kai ba a mayar da shi ko a nemi ƙarin jingina.

Ga misali, na fahimta kawai, ba na wani banki ba. A ce jimillar maki 100 ce: tarihin biya 40, nauyin bashin da ke kan mutum 25, daɗewar sana'a da asusu 20, yawan neman bashi a ƴan watannin nan 15, iyakar wucewa kuma 60. Wani ɗan kasuwa a Tawa ya samu 22 a tarihin biya saboda sau biyu ya makara fiye da wata guda, 10 a nauyin bashi saboda kusan rabin ribarsa na tafiya biyan wani bashin, 18 a daɗewa, 6 a na ƙarshe saboda ya nemi bashi wurare huɗu cikin wata uku. Jimilla 56. Maki huɗu suka hana shi. Kwamfutar da ta tara lissafin ta san inda ya fi asara: 18 a nan, 15 a can, 9 a can. Fitar da waɗannan dalilai uku a kan takarda ba ya cin banki ko dala. Shi kuwa ɗan kasuwar, da ya ji su, ya san abin yi: ya ƙarasa ƙaramin bashin da ke kansa, ya daina zagaya bankuna, ya dawo bayan wata shida. In ba a faɗa masa ba, abin da zai yi shi ne ya tafi banki na biyar, makinsa ya ƙara faɗuwa, daga nan ya ƙare a hannun mai ba da kuɗi da ruwa na unguwa wanda ba doka a kansa.

A Amurka, kamfanin FICO da makinsa ya fito a 1989 yana bayyana rabonsa ga kowa: tarihin biya kashi 35 cikin 100, yawan bashin da ake bin mutum 30, daɗewar tarihi 15, sabon bashi 10, nau'o'in bashi 10. Bai bayyana dukan lissafinsa ba, amma kowa ya san inda nauyi yake, kuma kasuwancinsa bai rushe ba saboda haka.

Inda bayyanawa ta fi zama dole shi ne kuskure, kuma kuskure a wannan aikin ba abin mamaki ba ne. Hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta fitar da bincike a 2013 da ya nuna kusan mutum ɗaya cikin biyar na da kuskure a ɗaya daga cikin rahotannin bashinsa. Wannan fa ƙasa ce da kowa ke da lambarsa guda tun yana yaro. A nan kuwa, mutum nawa ne a jihar Tawa ke amsa sunan Abdu Isa ko Ibrahim Musa? Mutane da yawa, musamman waɗanda aka haifa a karkara ba a yi musu takardar haihuwa a kan lokaci ba, katinsu na ɗauke da 1 ga Janairu, don shekarar kawai aka kimanta. Ga kuma rubutun suna da Faransanci: mutum guda, a wannan takarda Mahamadou, a waccan Mahamane, a ta uku Mamane. Abu biyu ke fitowa daga nan. Ko a haɗa mutum biyu a dosiye guda, bashin wani ya hau kan wani, ko kuma a raba mutum guda gida uku, kyakkyawan tarihinsa ya warwatse, mai mugun tarihi kuma ya samu wurin ɓuya.

Akwai wasu kurakuran da ba na suna ba. Mutum ya gama biya, cibiyar ba ta sabunta bayaninta ba, bashin ya ci gaba da nunawa a buɗe. Ma'aikaci da ake cire wa daga albashi, albashin ya makara zuwa, kwamfuta ta rubuta shi ya makara. An sake tsara wa mutum bashi da yardar banki, amma tsohon jadawalin ne ke cikin na'ura, kowane wata yana ƙirga masa jinkiri. Mace ta biya nata kason a bashin ƙungiya, wata a cikinsu ta gaza, tabon ya shafi kowa. Sai wanda ya tsaya wa ɗan'uwansa ko abokinsa: mutane da yawa ba su san cewa sa hannun tsayawa na iya bayyana a rahotonsu ba, kuma in wanda suka tsaya wa ya gaza, su ma ya taɓa su. Duk waɗannan, mutum ɗaya ne kawai zai iya gane su da kallo guda, wato mai dosiyen. Banki da ke hana shi gani ya rufe wa kansa hanya mafi araha ta tsabtace bayanansa. A kasuwar hatsi a gaban mai saye ake cika tiya, kuma hakan na kare mai awo kamar yadda yake kare mai saye.

Dokar BIC ta san da haka. Ta ba mutum damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara, ta ba shi damar ƙalubalantar abin da ba daidai ba, ta kuma ce in an hana shi bashi bisa abin da ke cikin rahoton, a sanar da shi a ba shi kwafi. Ta hana a saka addini, ƙabila, siyasa ko lafiyar mutum, ta hana a saka abin da ke cikin asusun ajiyarsa. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP da ke kula da ita. A takarda dai an yi ƙoƙari. Giɓin da ya rage biyu ne. Na farko, kwafin rahoto ba bayani ba ne: shafuka ne na Faransanci cike da lambobi, ana miƙa su ga mutumin da wataƙila ajami ya iya ko bai yi karatun boko ba sam. Na biyu, bankuna da yawa na da makinsu na cikin gida, daban da na BIC, kuma sau da yawa shi ne ke yanke hukunci. Rahoton BIC na iya fitowa tas, a hana mutum saboda wani lissafi da bai san ma akwai shi ba.

Wasu ƙasashe sun riga sun bi ta nan. Dokar Amurka ta 1974 kan daidaito a ba da bashi ta wajabta a faɗa wa wanda aka hana ainihin manyan dalilan, kuma ƙa'idojinta sun ce faɗin "ba ka cika sharuɗɗanmu ba" bai isa dalili ba. A Turai, ranar 7 ga Disamban 2023 kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a shari'ar Schufa, kamfanin da ke fitar da makin bashi a Jamus, cewa in banki ya dogara sosai da maki, to fitar da makin kansa hukunci ne na na'ura, kamfanin ba zai fake da cewa shi lamba kawai ya bayar ba. A Fabrairun 2025 kotun ta ƙara da cewa mutum na da haƙƙin a yi masa bayanin da zai fahimta, in kuma kamfani ya ce sirrin kasuwancinsa ne, ya kai sirrin gaban hukuma ko alƙali su auna.

Mu kuma muna da abin da ya riga waɗannan duka. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take, kuma ta ce wanda bashin ke kansa shi ne zai yi shibtar abin da za a rubuta. Rubutun bashi a gaban mai bashi ake yinsa, da saninsa. Wanda ya tashi da wannan karatun ba zai ga baƙon abu ba in an ce a nuna wa mutum abin da aka rubuta a kansa.

Masu ba da bashi na da hujja biyu, kuma bai kamata a yi watsi da su ba. Ta farko, in mutane suka san lissafin za su yi masa dabara. Gaskiya ne, amma sai a duba wace irin dabara. In abin da ke ɗaga maki shi ne biya a kan lokaci da rage bashi, wanda ya yi "dabarar" ya zama mai biya na gari, abin da ake nema ke nan. In kuwa abin da ke ɗaga maki shi ne yawan lambobin da ke cikin wayar mutum ko juya kuɗi tsakanin asusu biyu kafin kai dosiye, to lallai za a yi masa wayo, amma wannan na nuna ma'aunin ne mai rauni tun asali. Ma'aunin da ba ya aiki sai a ɓoye, bai kamata ya yanke hukunci kan abincin gidan mutum ba. Hujja ta biyu ita ce sirrin sana'a, kada abokin gasa ya kwafa. Wannan ana warware ta da raba wa kowa abin da ya dace da shi. Mai nema ya samu bayanansa da manyan dalilai uku ko huɗu. Masu sa ido, wato hukumar kula da bankuna ta yankin da kuma ARSM mai kula da ƙananan cibiyoyi a Nijar, su ga lissafin dukansa. Jama'a kuma su ga alƙaluma a dunƙule: dosiye nawa aka karɓa, nawa aka mayar, maza nawa, mata nawa, birni nawa, karkara nawa.

Wannan na ƙarshe na da muhimmanci fiye da yadda ake zato, saboda maki na koyo ne daga waɗanda aka taɓa ba bashi kawai. Wanda aka hana, ba wanda ya san da zai biya ko ba zai biya ba. In shekara da shekaru banki ma'aikatan gwamnati da manyan ƴan kasuwar Yamai yake ba, makinsa zai koyi cewa mai biya shi ne mai takardar albashi da takardar fili, sai ya ci gaba da mayar da duk wanda bai yi kama da su ba. Ba sai an rubuta "mace" ko "ɗan ƙauye" cikin lissafi ba. Ya isa a ba takardar mallakar fili maki mai yawa, tunda an san a hannun wa irin wannan takarda ta fi yawa. Mafi yawan ƴan Nijar ba su da tarihi a BIC ko kaɗan, kuma dosiyen da ba komai a ciki ba mugun dosiye ba ne. Matar da ta shekara goma tana zubin adashe ba fashi, ko take cikin ƙungiyar Mata Masu Dubara, tsarin da ya faro a yankin Maraɗi a 1991, tana da tarihin biya. Haka ɗan tireda da ke ɗaukar kaya bashi wurin ubangidansa a kasuwar Katako ta Yamai yana kawo kuɗi duk sati, haka manomin da ya ajiye hatsinsa jingina a magazan ƙungiya ya karɓi kuɗi ya kuma fanshe shi. Makin gaskiya zai bambanta "ba mu san shi ba" da "mun san ba ya biya", ya ba na farko ƙaramin bashi na gwaji, sannan ya rubuta masa in ya biya.

Akwai kuma tambayar da ta shafi shekarun nan kai tsaye. Daga ƙarshen Yulin 2023 zuwa Fabrairun 2024 Nijar na ƙarƙashin takunkumin ƙungiyoyin ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO da UEMOA. Iyakoki sun rufe, kaya sun maƙale a hanya, tsabar kuɗi ta yi wuya har bankuna suka taƙaita abin da mutum zai iya cirewa. Mutane da yawa sun makara biya a lokacin ba don halinsu ya canja ba. Lissafin da bai ware waɗannan watanni ba zai ɗauki bala'in da ya faɗa wa ƙasa gaba ɗaya ya rubuta shi a matsayin halin mutum ɗaya. Kowane mai ba da bashi ya kamata ya iya faɗin yadda yake ƙirga jinkirin wancan lokacin, kuma masu sa ido su tambaye shi.

Ko da maki ya fito daidai, tambaya guda kawai yake amsawa: kuɗin banki zai dawo? Bai amsa ko bashin zai amfani wanda ya ci ba. Mutum na iya biya har ƙarshe ta hanyar sayar da akuyoyin matarsa, ko cire yaro daga makaranta, ko jiran abin da ɗan'uwansa ɗan cirani zai aiko daga Abijan. A littafin banki wannan bashi mai kyau ne, makinsa ma zai ƙaru, a kira shi a ba shi wanda ya fi. Shi ya sa ba da bashi da amana ke bukatar lissafi na biyu, na ƙarfin biya, kuma a yi shi tare da mai nema. A ce mai shago na cinikin jika 600 a wata, sarin kayan ya ci 510, haya da dako 20, cefanen gida da sauran hidima 45. Abin da ya rage jika 25 ne. In bashin da yake nema zai sa shi biyan jika 46 da ɗoriya duk wata, ba ya ɗaukarsa, ko makinsa ya kai 90. Jami'i nagari zai juyo masa takardar ya ce, "Malam, duba nan, ga abin da ke rage maka, ga abin da za ka riƙa kawowa." Sau da yawa mai neman da kansa zai ce a rage. Ga masu albashi an saba duba kada biyan ya wuce wajen kashi ɗaya cikin uku na albashin, amma wannan ma ba ya aiki in ba a ƙirga basussukan da ba su shiga na'ura ba, na mai shago da na dangi.

Jadawalin biya ma na iya mayar da mutumin kirki mai laifi. Manomin albasa a Galmi ko Madawa yana kashe kuɗi tun daga iri, taki da man injin ban-ruwa, ba ya ganin ko sisi sai an cire. In an cire ma, lokacin ne kasuwa ke cika farashi ya faɗi, mai hali kuma ya zuba a rudu ya jira watannin tsada. In aka ɗora masa biyan wata-wata daga watan farko, dole ya makara, ko ya sayar da arha don ya tsira da sunansa. Jinkirin da zai shiga rahotonsa na wanda ya tsara jadawalin ne, amma shi zai ɗauke shi shekaru.

Sai farashi, wanda shi ma maki ke taɓawa, tunda mai ƙaramin maki ya fi biyan kuɗin ruwa. Iyakar da aka kafa a yankin a Janairun 2014 ita ce kashi 15 cikin 100 a shekara ga bankuna, kashi 24 ga ƙananan cibiyoyi, kuma ana auna ta ne da jimillar abin da bashin ke ci, har da kuɗin dosiye da makamantansu. Ga yadda lamba ke ruɗar mutum. Bashin jika 500, wato sefa 500.000, na wata 12, an ce kashi 1 a wata. Kowa zai ce kashi 12 ke nan a shekara. Amma in ana lissafa kashi 1 ɗin kan jika 500 ɗin farko har ƙarshe, alhali kowane wata uwar kuɗin na raguwa, mutum zai biya jika 60 na ruwa, sefa 46.667 duk wata, kuma ainihin farashin ya kai wajen kashi 21 da rabi. In aka cire jika 10 na dosiye tun farko, ya karɓi 490 a hannu, farashin ya haura kashi 25. Ya wuce iyakar doka, alhali abin da aka faɗa masa da baki kashi 1 ne. Abin da mai nema zai tambaya kafin ya sa hannu uku ne: nawa zan karɓa a hannuna, nawa zan biya gaba ɗaya, nawa ne tarar makara. Masu bin hanyar murabaha, inda banki ke sayen kaya ya sayar wa mutum da riba maimakon kuɗin ruwa, ba su fita daga wannan ba, sharaɗin cinikin ma shi ne a bayyana kuɗin saye da ribar da aka ɗora.

Abin da ke tafe ya fi wannan sauri. Bashi ta wayar salula, wanda maki ke yankewa cikin daƙiƙu daga yadda mutum ke sayen kati da tura kuɗi, ya riga ya mamaye Kenya tun bayan fitowar M-Shwari a 2012. Ya kai kuɗi hannun mutanen da banki bai taɓa kallo ba. Ya kuma sa an rubuta ɗimbin mutane cikin marasa biya saboda ƴan kuɗi ƙalilan, wasu ba su ma san an rubuta su ba sai ranar da suka je neman bashi na gaske. A 2020 babban bankin Kenya ya hana a ɓata sunan mutum a rajista kan bashin da bai kai shilin 1.000 ba, ya kuma cire masu ba da bashin waya da ba su ƙarƙashin kulawarsa daga aika sunaye. A ƙasar da mutane suka saba da Nita, Al Izza da kuɗin waya, wannan kasuwa za ta buɗe, kuma gara a sa irin waɗannan ƙa'idoji tun ba a ɓata sunan kowa ba: ƙaramar iyaka da ba a rubuta mutum a ƙasa da ita, da saƙon gargaɗi cikin Hausa ko Zabarmanci kafin a aika sunansa.

Kafin nan, wanda ke shirin neman bashi mai nauyi ya nemi rahotonsa na BIC tun da wata biyu ko uku, kada ya bari sai an hana shi. Bankinsa ko cibiyarsa za su iya nuna masa hanyar nema. Ya samu wanda ya amince da shi su karanta tare, su duba rubutun suna, ranar haihuwa da lambar kati, sannan su bi basussukan ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ya tsaya wa wasu. In ya ga wanda ya riga ya biya yana nan a buɗe, ya kai ƙorafi a rubuce, ya haɗa da kwafin resin biya, ya riƙe na asali, ya kuma karɓi shaidar ranar da ya ajiye takardar, don doka ta sa wa'adin amsawa kuma daga ranar ake ƙirgawa. In ba a gyara ba, BCEAO ce ke sa ido kan ofishin, kuma tana da reshe a Yamai. Duk bashin da ya ƙare, ranar biyan ƙarshe ya nemi takardar shaidar cewa ba a binsa komai kafin ya bar wurin, domin bayan shekara uku jami'in da ya san shi wataƙila an canja masa wurin aiki, kuma abin da ke cikin na'ura kawai za a duba.